Amfilifayarka na ƙugi? Duba giraun kafin ka ƙara sayen kafasita

Duk wanda ya taɓa harhaɗa amfilifaya da hannunsa ya san wannan takaicin. An gama liƙe komai da dalma, an ɗaure fanel a cikin akwati, an jona sifika, an kunna, kiɗa ya fito tas. Da waƙa ta ƙare sai a ji wani ƙugi can ƙasa-ƙasa, ba ya hawa, ba ya sauka, ba ya gajiya. Abin da mafi yawan masu koyo kan yi shi ne su koma kasuwa su ƙaro kafasita, daga 4,700µF su haura 10,000µF. In bai yi ba su sauya IC. In har yanzu bai yi ba, sai su ɗora wa mai shago laifi, su ce jabu ya sayar musu. Ƙugin kuwa yana nan daram, wani lokacin ma sai ya ƙara kaushi. Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna. Galibin ƙugin amfilifayar da aka haɗa a gida daga yadda aka bi da wayoyin giraun yake fitowa, kuma maganinsa bai wuce guntuwar waya da dalma da natsuwa ba.

Kafin ka sa hannu a ciki, zare fulogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Ka kuma tuna manyan kafasitoci na riƙe wuta bayan an kashe. Taransifoma mai 24-0-24, irin wadda aka saba haɗa wa TDA7294, tana ba da kusan bolt 33 a kowane ɓangare, wato fiye da bolt 60 ke nan tsakanin layin sama da na ƙasa. Sauke wutar da rasista mai om 1,000 da wat 5, ka auna da mita ka tabbatar ta sauka. Kada ka haɗa ƙafafun da sukundireba don ka ji tas, yin haka na cinye ƙafar kafasita, tartsatsin kuma na iya faɗa maka a ido. Duk sanda ka sauya wata waya, fara kunnawa ta cikin ƙwan fitila mai zare, mai wat 60 ko 100, da aka jera a kan layin wuta. In ƙwan ya yi haske ya tsaya a haka, akwai kuskure, kashe.

Aikin farko shi ne gano ta inda ƙugin ke shigowa, kuma ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Cire duk abin da ke jone da mashigar sauti. Ɗauki fulogin RCA guda biyu, ka haɗe tsakiyar kowanne da gefensa da dalma, ka cusa su a mashigar hagu da ta dama. In ƙugin ya ɓace, amfilifayarka lafiya take, matsalar tana tsakaninta da na'urar da kake jona mata, za mu zo kan wannan. In bai ɓace ba, a cikin akwati yake. Sai ka murɗa boliyum. Ƙugin da ke ƙaruwa da boliyum ya shigo ne kafin boliyum ɗin, a soket ko a wayar da ta taso daga soket. Wanda bai damu da boliyum ba, ko an rufe shi ruf yana nan, ya shigo ne a bayansa, kuma wannan shi ne ainihin ciwon giraun. Akwai na uku mai ban mamaki, wanda ke shiru in an rufe boliyum, ya ragu in an ƙure shi, amma ya fi ƙarfi a tsakani. Wannan wayar da ta fita daga ƙafar tsakiya ta boliyum ce ke tsintar ƙara daga iska, tana bukatar waya mai raga, kuma a gajarta ta.

Sannan ka saurari muryar ƙugin. Wutar Najeriya da ta Nijar tana jujjuyawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50Hz. Ƙugi mai laushi, mai zurfi, a kan 50Hz, yawanci maganaɗisun taransifoma ne ko zoben giraun, wanda za mu zo kansa. Wanda ya fi shi sama, mai kaushi kamar ana zuga shi, a kan 100Hz yake, domin rektifaya mai dayod huɗu na cika kafasitoci sau biyu a kowane juyi. In kunnenka bai rarrabe ba, akwai manhajojin waya kyauta masu nuna zangon sauti, ka kara wayar kusa da sifika ka ga inda layi ya yi tsini. In kana karanta rubutun mutanen Amurka za ka ga suna cewa 60 da 120, wutarsu ce ke kan 60Hz, bayanin dai ɗaya ne.

Yanzu ga gundarin maganar. A kan takardar zane, giraun alama ce kawai, duk inda ka gan ta ka ɗauka bolt sifili ne. A cikin akwati kuwa giraun jan ƙarfe ne, kuma jan ƙarfe na da turjiya komai ƙanƙantarta. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1 tana da kusan miliom 17 a kowace mita. Layin jan ƙarfe na kan fanel ya fi haka muni: mai faɗin milimita 1, a kaurin da aka saba, yana kai kusan miliom 49 a santimita 10 kacal. Su kuma manyan kafasitoci ba a hankali suke shan wuta ba. Suna jira sai wutar taransifoma ta kai ƙololuwa, su fizga da ƙarfi na ɗan taƙi, su saki, sau 100 a daƙiƙa. Wannan fizgar ta ninka wutar da amfilifaya ke ci sau da yawa. A ce rabin amfiya ce lokacin da babu kiɗa. In ta bi ta santimita 10 na waccan wayar, za ta bar kusan milibolt 0.85 tsakanin bakin nan da bakin can. In ta bi ta siririn layin fanel, kusan milibolt 25. Kana iya cewa ai wannan ba komai ba ne. To, zanen da aka saba yi wa TDA2030 da TDA7294, mai rasista 22k da om 680, yana ninka abin da ya shigo kusan sau 33. In giraun ɗin mashigar sauti na rataye a kan wannan wayar, IC ba ta da yadda za ta bambanta ƙazantar da waƙa, duka za ta ninka. Milibolt 0.85 ya zama 28 a bakin sifika, wanda kunne ke ji sarai a ɗaki mai shiru. Milibolt 25 kuwa ya haura 800, wannan har maƙwabta sai sun ji.

A nan ne za ka gane dalilin da ya sa ƙarin kafasita kan ƙara dagula lamarin. Babbar kafasita na gajarta lokacin fizgar, ta kuma ƙara mata tsini. Lamarin kamar bututun ruwan sha ne da aka bi da shi ta cikin kwata: ƙara girman tanki ba zai tsabtace ruwan ba, sai an raba musu hanya.

Raba hanyar shi ne abin da ake kira giraun na tauraro, wato wuri guda da kowace wayar giraun ke zuwa ta kanta, ba tare da ta goya wata ba. Amma inda ka kafa tauraron shi ne komai, kuma nan ne mutane da yawa ke zamewa. Wurin da ya fi ko'ina ƙazanta a cikin akwatin shi ne guntun haɗin da ke tsakanin manyan kafasitocin biyu, domin ta nan fizgar ke ratsawa. In ka ɗaura giraun ɗin sifika a wannan gefe, na mashiga a wancan gefe, ka sa ƙazantar a tsakaninsu ke nan. Yadda ya dace shi ne ka haɗa kafasitocin da waya mai kauri ko ɓallin jan ƙarfe, gajere iya gajarta, ka kawo wayar tsakiya ta taransifoma ta sauka a daidai tsakiyarsa. Daga wannan tsakiyar sai ka fitar da reshe guda mai kauri, santimita biyu ko uku, ya yi gefe. Ƙarshen reshen shi ne tauraronka. Fizgar na kai-komo a kan ɓallin, ba ta da abin da zai kai ta cikin reshen. Injiniyan sauti ɗan Ingila, Douglas Self, ya jaddada wannan tsari a littafinsa na zanen amfilifaya, kuma duk wanda ya gwada ya ji bambancin da kunnensa.

A kan tauraron, wayar dawowar sifika ta zo ita kaɗai, mai kauri, domin ita ke ɗaukar amfiya masu yawa in an ƙure kiɗa. Giraun ɗin ƙananan kafasitocin da ke kusa da ƙafafun IC, tare da na rasista da kafasitar da ke bakin mafitar sifika, su ma su zo ta wayarsu. Sai giraun mai tsabta, wanda ya fi kowanne bukatar lallami. Ya taso daga gefen soket ɗin RCA, ya bi ragar waya zuwa ƙafar ƙasa ta boliyum, ya wuce zuwa fanel inda rasistar mashiga da ƙafar ƙasa ta layin fidbak, wato rasistocin 22k da om 680 ɗin nan, ke haɗuwa, daga nan waya guda tak ta tafi tauraro. Waɗannan biyun, giraun ɗin mashiga da na fidbak, dole su zauna wuri ɗaya. IC na ninka bambancin da ke tsakaninsu ne, in ka raba su, ka ba ƙugi ƙofa.

In fanel ɗinka haɗaɗɗe ka saya, irin mai ɗauke da rektifaya da kafasitoci a jikinsa, to tauraron na kan fanel ɗin, mai kyau ne ko mara kyau. Kada ka ƙirƙiri na biyu a waje. Mayar da wayar sifika inda aka rubuta mata, ka ɗauki giraun ɗin akwati daga kusa da kafasitoci. In ka ga siririn layi ne ke ɗauke da giraun tsakanin kafasitocin, kwantar masa da waya mai kauri ka liƙe da dalma. Gargaɗi guda a nan: a amfilifayar da aka haɗa IC biyu suna tura sifika ɗaya ta ɓangarori biyu, da kuma faneloli irin na TPA3116, baƙar wayar sifika ba giraun ba ce. In ka kai ta tauraro ko jikin akwati, IC na iya ƙonewa.

Akwatin ƙarfe ya taɓa giraun a wuri ɗaya kawai. Wannan doka ce mai sauƙin faɗa, mai wuyar kiyayewa, domin akwai ɓarayin hanyoyi da ido ba ya gani. Soket ɗin RCA da aka ɗaure kai tsaye a jikin ƙarfe hanya ce. Sukurun da ke riƙe fanel, in ya danne layin giraun, hanya ce. Jikin boliyum da aka ɗaure a fuskar ƙarfe, sannan aka sake liƙa masa waya zuwa giraun, shi ma hanya ce. Da zarar hanyoyi sun zama biyu an sami zobe, kuma duk zoben waya da ke kusa da taransifoma yana zama tamkar wani naɗi nata, maganaɗisu na tura wuta a cikinsa. Gwajin ba wuya: cire waccan waya guda da ka haɗa tauraro da akwati, ka sa mita tsakanin gefen RCA da jikin akwatin. In mita ta yi ƙara, akwai ɓarauniyar hanya, neme ta. Soket ɗin RCA a sa masa wosha ta roba ciki da waje, ko a sayi mai jikin roba. Ka kuma duba bayan IC: kunnen ƙarfe na TDA2030 da TDA7294 da LM3886T a jone yake da layin wuta na ƙasa, wato mai alamar ɗebewa, saboda haka sai an sa maika da woshar roba tsakaninsa da alminiyon sanyaya in alminiyon na taɓa akwati.

Masu akwatin katako ko na roba, naku daban ne. Ba ku da zoben akwati, amma ba ku da garkuwa. In ƙugi na ƙaruwa duk sanda hannu ya kusanci boliyum, liƙa wa jikin boliyum ɗin waya zuwa giraun mai tsabta, a kuma shimfiɗa fallen alminiyo a ƙarƙashin ɓangaren mashiga a haɗa shi da tauraro, a kula kada ya taɓa ƙasan fanel.

Sitiriyo mai fanel biyu na da nasa tarkon. Giraun ɗin hagu da na dama sun haɗu a tauraro, sun kuma sake haɗuwa a boliyum ko a cikin na'urar da ke ba da sauti, ga zobe ya samu. Alamarsa ita ce kowane ɓangare shi kaɗai shiru, amma da ka jona wayoyin biyu sai ƙugi ya taso. Matse zoben: wayoyin mashiga biyu su tafi manne da juna har inda dole su rabu, soket ɗin biyu su zauna kusa da kusa. In bai isa ba, sa rasista mai om 10 a kowane fanel tsakanin giraun mai tsabta da giraun ɗin wuta. Tana rage wutar da ke zagaya zoben ƙwarai, ba ta taɓa sauti.

Ita kanta taransifoma a nisanta ta da mashiga iya yadda akwati ya bari. Wayoyinta uku masu zuwa rektifaya a murɗe su tare kamar tufka, haka ma wayoyi uku masu kai wuta fanel, haka wayoyin sifika biyu. Wayar sauti kada ta kwanta a gefen wayar wuta, in dole su haɗu su gitta juna. Taransifoma mai kusurwa huɗu ta fi mai zagaye fesa maganaɗisu, kuma sau da yawa juya ta kwata ɗaya kawai na rage ƙugi sosai, gwada kafin ka huda ramukan ƙarshe. Mai zagayen kuma, dogon sukurun da ya ratsa tsakiyarta kada kansa ya taɓa murfin akwati, in ya taɓa sama da ƙasa ya zama naɗi guda da aka gajarce, zai yi zafi har ya lalata ta. Wani lokacin ma ƙugin ba a sifika yake ba sam. Cire wayar sifika ka saurara, in har yanzu kana ji, ƙarafan taransifomar ne ke rawa, a ɗaure su, a sa mata roba a ƙasa.

Ban ce kafasita ba ta taɓa yin laifi ba. Wadda ta kumbura, ko ta bushe, ko jabu mai babban jiki da ƙaramin ciki, tana kawo ƙugin 100Hz. Dayod guda da ya mutu a rektifaya ma na kawo ƙugi. Haka in alminiyon sanyaya na zafi alhali babu kiɗa, amfilifayar na cin wutar da ta wuce kima, a binciki wannan tukuna. Amma waɗannan mita na nuna su cikin minti kaɗan.

Saura ƙugin da ke zuwa daga waje, wanda ya ɓace lokacin da ka toshe mashiga. Wannan shi ya fi addabar masu gidan kallo da masu kiɗan biki da masu kula da lasifikar masallaci. Na'urori biyu, kowacce da hanyarta zuwa ƙasa, ga kuma ragar wayar sauti ta haɗa su, zobe ya tashi, wannan karon mai faɗin ɗaki. Fara da mafi arha: jona amfilifaya da duk abin da ke ba ta sauti a kan soket ɗin bango guda. In kwamfutar cinya ce, zare cajarta ka bar ta a kan batir, in ƙarar ta ɗauke ka san mai laifi. In dikoda ce, kwance wayar da ta sauko daga dish ka ji. Maganin da ba ya ba da kunya shi ne ƙaramar taransifomar sauti mai raba giraun, wadda ake sakawa a kan wayar RCA, masu kayan sautin mota na sayar da ita. Makirufo mai doguwar waya kuwa a yi masa waya mai ƙafa uku irin ta XLR, in mashigarka na karɓar ta. Ƙarar da ke zuwa kawai in an koma kan inbata mai arha, daga siffar wutar inbatar take, sake tsarin giraun ba zai kawar da ita duka ba.

A cikin amfilifayar ma ana iya karya wannan zoben ba tare da an taɓa tsaro ba. Maimakon waya kai tsaye daga tauraro zuwa akwati, sa abubuwa uku a gefen juna: rasista mai om 10 da wat 5, kafasita mai 100nF, da babbar rektifaya mai amfiya 35. Haɗe ƙafafunta biyu na AC su tafi jikin akwati, haɗe mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa su tafi tauraro. Rasistar na tare 'yar wutar zobe. In kuwa wani abu ya lalace babbar wuta ta hau giraun, dayod ɗin na buɗewa tun daga kusan bolt 0.6, wutar ta wuce ƙasa, fis ya tsinke. Kada ka sa rasistar ita kaɗai, a ranar hatsari ƙonewa za ta yi ta bar ka.

Abin da ba zan taɓa ba ka shawararsa ba shi ne yanke wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ko karya doguwar ƙafar fulogi. Na san ana yi, na kuma san ƙugin kan ɗauke. Amma ranar da wayar wuta ta kwance ta taɓa akwati, bolt 230 na jiran duk wanda ya riƙe makirufo ko ya taɓa boliyum, wataƙila yaro ne mara takalmi. Wayar ƙasa ta sami sukurunta na kanta a jikin akwati, kusa da inda wuta ke shigowa, a kankare fenti, a sa wosha mai haƙora, kada a ɗaura komai a kan wannan sukurun. Gidaje da yawa a garuruwanmu ramin ƙasa na soket ɗinsu ba a jone yake da komai ba, shi ya sa wani lokaci jikin na'ura ke ɗan cizon hannu. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, ya kafa sandar ƙasa ya ja waya. Kada ka yarda wani ya haɗa maka jikin akwati da layin nutural a madadinta, domin in aka juya wayoyi a wani soket, akwatin ya zama layin wuta.

Duk gyaran da za ka yi, yi guda ɗaya, ka kunna ka saurara, sannan ka wuce na gaba, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Amfilifayar da aka tsara daidai, in an toshe mashigarta, sai ka kai kunne dab da sifika kafin ka ji 'yar siririyar iska. Kafin ka rufe murfi, ɗora mita tsakanin doguwar ƙafar fulogi da jikin akwati. Ta nuna ƙasa da om 1. In ta wuce haka, kada ka miƙa wa kowa amfilifayar nan sai ka gyara.